KAFAƊAR DA TA GOCE: MAYARWA DABAN, WARKEWA DABAN

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma na ajiye abin da na yi niyyar rubutawa tun farko saboda wani abu da na gani ranar Lahadi da yamma a filin ƙwallon unguwarmu.

Wani yaro ne mai tsaron gida, bai wuce shekara 17 ba. Ya yi tsalle ya ɗaga hannu zai kaɗe ƙwallo, wani ya banke shi a sama, hannun ya tafi baya. Ya faɗo yana ihu, ya tallafe hannun dama da na hagu. Kana kallon kafaɗar ka san ba daidai take ba, tudun nan nata ya ɓace kamar an sassabe shi. Kafin ka ce kwabo ƙarti uku sun danne shi, na huɗu ya cire takalmi ya sa diddige a hammatarsa ya finciki hannun. Aka ji ƙwas. Aka yi tafi. Wani ya ce, "Shi ke nan ta koma, jibi ma zai iya kama gola."

Na ce a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi, sannan a haɗa shi da likitan gashin ƙashi. Wanda ya ja hannun ya dube ni ya ce, "Haba Malam, gashin ƙashi ai na masu shanyewar ɓarin jiki ne. Wannan yaro ne, jininsa na gudu." Aka yi dariya, aka ci gaba da wasa.

Ni ban yi dariya ba, domin shekara biyar da suka wuce ni ne a kwance a ƙasa, kuma irin wannan tafin aka yi mini. Bayan tafin kafaɗata ta sake fita sau shida. Shi ya sa yau zan faɗi maganata ba tare da kwana-kwana ba: mayar da ƙashi gurbinsa taimakon gaggawa ne kawai. Magani yana farawa ne bayan an mayar, kuma babban ɓangarensa shi ne wannan gashin ƙashin da muka raina. Duk wanda ya mayar maka da kafaɗa ya ce ka warke, ko mai ɗori ne ko ma'aikacin asibiti, rabin aiki ya yi maka ya sallame ka.

YADDA KAFAƊA TAKE

Sai mun san ginin abu za mu san gyaransa. Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi, gurbin yana da zurfi, kan ƙashin ya nutse a ciki. Ita kafaɗa kamar ka ɗora lemon zaƙi ne a kan murfin kwalba. Kan ƙashin damtse babba ne, gurbin da ke jikin allon kafaɗa ƙarami ne kuma ba shi da zurfi, abin da yake taɓawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Wannan ne ya sa kake iya juya hannunka ta ko'ina, ka sosa bayanka, ka ciro kaya a saman sif, ka jefa dutse. Wannan ne kuma ya sa a cikin manyan gaɓoɓin jiki babu wadda ta kai ta yawan gocewa.

To me yake riƙe lemon a kan murfi? Akwai wani leɓe na guringuntsi da ya zagaye bakin gurbin yana ƙara masa zurfi. Akwai jaka da jijiyoyi masu kama da igiya da suka lulluɓe gaɓar. Waɗannan ba su da ƙarfin kansu, ɗauri ne kawai. Sai kuma tsokoki huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin, ɗaya ta gaba, ɗaya ta sama, biyu ta baya. Aikinsu su danna kan ƙashin a tsakiyar gurbi duk lokacin da ka motsa hannu. Bayan su akwai tsokokin da ke juya shi kansa allon kafaɗar, domin gurbin ya riƙa bin kan ƙashin duk inda ya nufa.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na gocewar kafaɗa ta gaba take fita, yawanci lokacin da hannu yake sama kuma aka tura shi baya, kamar yadda ya faru da yaron nan. Ƙashin kuma ba ya fita salin-alin. A matasa sau da yawa yakan ɓalle leɓen guringuntsin nan daga bakin gurbi ta gaba. Wani likitan tiyata ɗan Ingila, Blundell Bankart, ya yi bayanin wannan rauni a 1923, har yau da sunansa ake kiransa. Sannan bakin gurbin yakan lotsa bayan kan ƙashin, abin da likitoci biyu 'yan Amurka, Hill da Sachs, suka bayyana a 1940. Ka ga ke nan ƙarar ƙwas ɗin da ake yi wa tafi ba ta ɗinke leɓen da ya yage, ba ta cike lotsawar, ba ta tayar da tsokokin da zafi ya kashe wa gwiwa. Ƙashi ne kawai ya koma ɗakin da aka riga aka ɓalle wa ƙofa.

ABIN DA YA SAME NI

Ina ajin farko na difloma abin ya same ni, ni ma a gola. Bayan an ja an mayar a fili, da daddare Umma ta ce a kai ni wurin wani dattijo mai ɗori da danginmu suka daɗe suna zuwa wurinsa. Ya shafa man kaɗanya, ya matsa, ya ce, "Yaro, an mayar daidai, sai dai a ɗaure kada iska ta shiga." Ya naɗe hannun a jikina ya ce kwana 40. Na ce, "Baba, ina da jarabawa." Ya ce jarabawa ba ta fi hannu ba.

Da aka kwance, hannun ya rame, ya sanƙare, ko cokali na ɗaga sai ya yi rawa. Ba wanda ya ce mini in yi wani abu a kai. Na ɗauka lokaci ne zai gyara. Wata huɗu bayan nan na koma fili, ta fita. Ta uku ina cikin adaidaita sahu, na miƙa hannu baya zan karɓi canji. Ta huɗu ina saka riga. A ta biyar aka kai ni wani asibiti, aka yi mini allura aka mayar cikin sauƙi, aka rataya mini hannun a wuya, aka rubuta maganin zafi, aka ce in tafi. Ko kalmar gashin ƙashi ban ji a bakin kowa ba. Ta shida a cikin barci ta fita, na farka ina kururuwa. Daga nan na koma ina kwana da hannu a cikin riga don tsoro. Ta bakwai ce ta kai ni hannun likitan ƙashi, shi kuma ya tura ni sashen gashin ƙashi.

Ranar farko na raina wurin. Na zaci za a gasa ni da fitila a yi mini tausa. Sai likitar ta sa na cire riga na juya mata baya, ta ce in ɗaga hannu a hankali. Ta ce, "Malam, ka san allon kafaɗarka na dama ba ya tafiya tare da hannun? Tashi yake yi kamar fiffike." Ta ba ni wata roba mai talewa, ta sa na matse tawul a hammata, ta ce in juya hannun waje sau 15. A na takwas na kasa. Ni da nake ɗaukar buhun siminti. Na ce, "Likita, wannan wasan yaran ne maganin?" Ta ce, "Wasan yaran da ya gagare ka?"

Wata bakwai na yi ina wannan aiki. Yau shekara biyu ke nan kafaɗata ba ta fita ba. Ina saka riga, ina barci ta kowane ɓangare, ina ɗaukar jarka. Amma gola ta wuce ni. Hoton da aka ɗauka ya nuna bakin gurbin ya zaizaye saboda yawan fita da shiga, kuma likita ya gaya mini idan ina son komawa fili sai an yi tiyata, irin babbar. Ba zan rantse cewa da an tura ni gashin ƙashi tun farko ba za ta sake fita ba. Abin da na sani shi ne da an duba ni tun a karon farko ko na biyu, da an san irin raunin, da an zaɓa mini atisaye ko ƙaramar tiyata tun ƙashin yana cikakke. Fita biyar ɗin da suka biyo baya asara ce da ba dole ba.

SU WAYE DA LAIFI

Na farko masu ja a fili. Wannan dabarar ta sa diddige a hammata ba sabuwa ba ce. Likitan Girka Hipokiratis, wanda Larabawa ke kira Abuƙrat, ya rubuta ta kimanin shekara 2,400 da suka wuce. Shi ne ma ya rubuta cewa a ƙona hammatar mai yawan gocewa da jan ƙarfe domin tabon ya riƙe ƙashin. Duniya ta bar ƙonawar, kuma likitocin yau sun fi son hanyoyi masu laushi da ake yi bayan an kashe zafi tsoka ta saki. Dalili shi ne ta hammata jijiyoyin jini da jijiyoyin saƙo na hannu gaba ɗaya suke wucewa. Sannan gocewa takan zo tare da karaya, kuma ido ba ya rabe su. Ka ja hannun da ke da tsagewa, ka mayar da ita cikakkiyar karaya. Fina-finai ma sun taimaka wajen ɓata mu. Tun fim ɗin Lethal Weapon 2 na 1989, inda jarumin yake buga kafaɗarsa a bango ta koma ya ci gaba da harkarsa, matasa suka ɗauka abin jarumta ne.

Na biyu masu ɗorin da ke ɗaure kafaɗa wata guda da ɗoriya. Ban zo zagin masu ɗori ba. A ƙauyen da babu likita sai an yi tafiyar rabin yini, su ne suke tashi da tsakar dare, kuma sukan karɓi abin da ya sawwaƙa. Amma dabarar karaya daban, ta gocewa daban. Ƙashin da ya karye yana son a hana shi motsi ya haɗe. Gaɓar da ta goce tana son hutun ɗan lokaci, sannan motsi mai tsari. A ƙasar Suwidin, likita Lennart Hovelius da abokan aikinsa sun bi sawun kafaɗu 229 na mutanen da suka samu gocewar farko suna tsakanin shekara 12 zuwa 40, har tsawon shekara 25, suka fitar da sakamakon a 2008. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka gano shi ne ɗaure hannu a jiki na makonni bai canza yiwuwar sake fita ba. Abin da dogon ɗauri yake ƙarawa shi ne ramewar tsoka da sanƙarewa. Tsokokin da su ne masu gadin gaɓar, su ake kwantarwa kwana 40, sannan a kwance a ce je ka.

Na uku ma'aikatan asibitin da suke mayarwa su sallama. Waɗannan sun fi ba ni haushi, domin su sun sani. Na san cunkoson ɗakin gaggawa, na san mutum ɗaya yana duba mutum hamsin. Amma jimla ɗaya ce: "Bayan sati biyu ka je sashen gashin ƙashi." Rubuta ta a kati ba ya cin minti guda.

Na huɗu mu 'yan boko masu ganin idan ba allura ba ƙwaya to ba a yi magani ba. Mu ne muke zuwa kemis a haɗa mana diklofenak da taramol, zafi ya kwanta mu koma fili. Maganin zafi ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan, kashe ƙararrawar gargaɗi kawai yake yi. Yawan shan diklofenak kuma yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, shi kuwa taramol kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu.

Na biyar, don kada a ce na yi son kai, wasu wuraren gashin ƙashin da suka mayar da aikin ɗora fitila da manna na'ura mai tsirawa, minti ashirin a ce ka dawo jibi. Ɗumi yana rage zafi, amma kafaɗa mai zamewa ba ta daina zamewa don an gasa ta. Ina ma zargin sunan da muka ba wa fannin yana cikin abin da ya rage masa daraja. Da ka ce gashin ƙashi, abin da ke zuwa ran Bahaushe shi ne tsumma da ruwan zafi. Idan ka je wuri sau uku ba a duba yadda kake motsa hannu ba, ba a ba ka aikin gida ba, ka tambayi dalili.

Na shida shi ne majinyacin kansa, har da ni. A wata na biyu da na ji sauƙi na yi sati uku ban taɓa robar ba, sai da kafaɗar ta yi mini barazanar zamewa ina ɗaukar bokiti na dawo hankalina.

MENE NE AINIHIN AIKIN

A taƙaice ga yadda yake tafiya, ko da yake kowane majinyaci da nasa tsarin. Bayan an mayar an ɗauki hoto, a rataye hannu na sati ɗaya zuwa uku domin zafi ya lafa, ana motsa yatsu da tsintsiyar hannu da gwiwar hannu kada su sanƙare. Daga nan a fara tayar da tsokoki ba tare da motsa gaɓar ba, kamar ka tsaya jikin bango ka danna bayan hannunka a kai na ɗan daƙiƙoƙi ka saki. Sai a dawo da motsi a hankali, ana kauce wa yanayin nan na hannu sama kuma a baya, irin na mai shirin jifa, har sai an ba da izini. Sai robar nan, domin ƙarfafa tsokoki huɗun, musamman masu juya hannu waje. Sai tsokokin allon kafaɗa, ta hanyar tura bango da jan roba zuwa ƙirji kana haɗe allunan a baya.

Akwai wani mataki da mutane ba su san da shi ba, kuma shi ya fi ba ni mamaki. A cikin jijiyoyin gaɓa akwai 'yan rahoto da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda hannu yake ko da idonka a rufe. Idan gaɓa ta goce wannan rahoton yana raguwa, sai tsoka ta riƙa makara wajen kamawa. Shi ya sa ake sa ka danna ƙwallo a bango kana zagaya ta, ko ka durƙusa ka dogara da hannu ana ɗan tura ka. Ana koya wa tsokar ta kama kafin ƙashin ya zame. A ƙarshe sai a gwada ka da irin aikin da za ka koma, ko jifa ne, ko jan guga, ko daka, ko ɗaukar kaya a ka. Yawanci ana maganar wata uku ne kafin komawa wasa ko aikin ƙarfi, wasu kuma wata shida ko fiye.

Na faɗi waɗannan ne don a ga cewa aiki ne mai tsari. Kada wani ya yanko robar taya yau ya fara ja da kafaɗar da ba a duba ba.

ABIN DA MASU JAYAYYA ZA SU CE

Wani zai ce, "To ai kai ma an ce sai tiyata, ina amfanin atisayen?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ɓoye amsar da ba ta yi mini daɗi ba. Atisaye ba ya ɗinke leɓen da ya ɓalle. A 1992 likitoci biyu a Amurka, Burkhead da Rockwood, sun fitar da sakamakon gwada tsarin atisaye a kan kafaɗu 140 masu zamewa. A cikin 66 da zamewarsu ba ta samo asali daga buguwa ba, 53 sun samu sakamako mai kyau, wato kashi 80 cikin 100. A cikin 74 da buguwa ce ta jawo, 12 ne kawai, kashi 16 cikin 100. Wani binciken da aka yi a birnin Edinbura na Sikotilan, wanda ya fito a 2006, ya bi mutum 252 'yan shekara 15 zuwa 35 da ba a yi wa tiyata ba bayan gocewar farko, kuma fiye da rabinsu matsalar ta dawo musu cikin shekara biyu. Samari maza su suka fi shiga haɗari.

Me waɗannan alƙaluma suke nufi? Masu kafaɗa mai zamewa iri biyu ne. Akwai wanda Allah ya halitta da sakakkun gaɓoɓi, irin yaran da ke lanƙwasa babban yatsa ya taɓa hannu, ko masu fitar da kafaɗa da gangan don burge abokai. Irin wannan atisaye ne babban maganinsa, ana ba shi aƙalla wata shida kafin a yi zancen wuƙa, kuma matakin farko shi ne ya daina wasan burgewar. Akwai kuma saurayin da aka banke a fili leɓen ya yage. Shi wannan mai yiwuwa ne ya buƙaci a ɗinke masa, musamman idan zai koma wasan karo. Idan ya yi ta jinkiri har bakin gurbi ya zaizaye, sai an kai ga irin tiyatar da likitan Faransa Michel Latarjet ya ƙirƙiro a 1954, wadda ake yanko wani ɗan ƙashi a dasa a bakin gurbin. Inda na tsinci kaina ke nan. To wa zai gaya maka a wane rukuni kake? Ba mai diddige a hammata ba. Sannan wanda aka yi wa tiyatar ma daga gadon asibiti sashen gashin ƙashi yake wucewa, ya yi watanni. Ko ta ina ka bi, sai ka ratsa ta ƙofar nan.

Wani zai ce, "Ai 'yan ƙwallo na dawowa nan da nan." Wane nan da nan? Ranar 13 ga Nuwamba 2020 kafaɗar Victor Osimhen ta goce a wasan Najeriya da Saliyo a birnin Benin, wanda aka tashi 4 da 4. Bai sake buga wa Napoli ba sai ƙarshen Janairun 2021, ko da yake cutar korona ma ta ƙara masa jinkiri. Jude Bellingham na Real Madrid tasa ta goce a Nuwamban 2023, ya yi ta wasa da ɗamara a ƙarƙashin riga, ƙarshe dai a Yulin 2025 sai da aka yi masa tiyata. Waɗannan mutane ne da ke da likitoci a kansu dare da rana. Yaron unguwarmu kuma an ce jibi ya kama gola.

Wani zai ce kuɗi da nisa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Likitocin gashin ƙashi sun yi mana kaɗan, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Amma fannin ba baƙo ba ne. Tun 1945 aka fara shi a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara digirinsa a 1966, yau ana karanta shi a Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, ga sassan gashin ƙashi a asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya. Kuma ciwon kafaɗa ba ya buƙatar ka je kullum. Mafi yawan aikin a ɗakinka za ka yi shi, da bango da tawul da roba, ka riƙa komawa lokaci zuwa lokaci a duba a ƙara maka mataki. Ka lissafa wannan, sannan ka lissafa kuɗin mayarwa sau bakwai, da kwanakin da ba ka fita nema ba, da kuɗin tiyatar da ke jiranka a ƙarshe. Araha ba ta ado.

ABIN DA NAKE ROƘO

Idan kafaɗar wani ta goce a gabanka, kada ka ja. Ka tallafe hannun a yadda ya fi masa sauƙi, ka sa ƙanƙara a cikin tsumma idan akwai, ka kai shi asibiti a ranar. Gocewar da aka bari ta yi makonni ba ta komawa da hannu, sai an buɗe. Idan hannun ya yi sanyi, ko yatsu sun mutu, ko fatar gefen damtse ta waje ba ta jin taɓi, a gaya wa likita nan take, alamar jijiya ta taɓu ce. Idan mutum ya haura shekara 40 kuma bayan an mayar ya kasa ɗaga hannu, a sake duba shi, domin a wannan shekarun tsokoki huɗun nan ne suke yawan tsinkewa. Idan mai farfaɗiya ya farfaɗo, ko wanda wutar lantarki ta ja, yana kukan kafaɗa kuma ya kasa juya hannu waje, a yi zargin ta goce ta baya, irin wadda ko a hoto takan ɓuya. Kuma kafin ka bar asibiti, ka buɗe baki ka ce, "Likita, yaushe zan fara gashin ƙashi?"

Ranar Litinin na je gidan su yaron. Na samu mahaifinsa a ƙofar gida, na gaishe shi, na ce, "Baba, alfarma na zo nema a kan hannun ƙanina." Na cire riga na nuna masa tawa, na ba shi labarin fita bakwai. Ya yi shiru, sannan ya ce zai yi shawara da yayan yaron. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ban ji an kai shi ba, kuma jiya na hango shi a bakin fili da safar hannun gola a rataye a wuyansa. Gobe zan sake komawa.

Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, musamman 'ya'yan gidan ɗori da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, ina sauraro. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.